Hatimin Darma a Mitar Mama Rifkatu

Abubuwa da yawa na aiki sun fita kaina tun da na yi ritaya, amma ban taɓa mantawa da ranar da aka zaunar da ni a kwamitin sauraren ƙorafi ba, aka zazzage ambulan a kan tebur, wani ɗan guntun darma ya gangaro ya tsaya daidai hannuna. Tunda kun ce ni Bappa Hamma in ba ku labari, to ku ajiye wayoyin nan tukuna. Kai ma na can baya, ina ganinka. Ga Kabiru nan zaune, yau shi ne shugabanku, a gabansa aka yi komai. In na ƙara gishiri ya tsayar da ni.

Na shiga aikin wuta ina saurayi, a matsayin mai karanta mita. Ku ba ku riski wannan aikin ba. A lokacin mita baƙa ce mai fuskar gilashi, da wani faifai a ciki yana juyawa, in an kunna dutsen guga ka ga ya kama gudu. Ƙarshen kowane wata a ba ka littafi da fensir, ka taka da ƙafarka gida-gida kana rubuta lambar da mita ta nuna, da ita ake fitar da takardar biyan kuɗi. Ni Bolari aka ba ni, da wani yanki na Tudun Wada. Na san gidan da ke da kare. Na san gidan da sai ka yi sallama sau uku ka jira mata sun kintsa. Na san mai garejin da za a ce maka ya fita, alhali ga ƙafafunsa nan sun leƙo daga ƙarƙashin mota. Zagi kam mun sha shi, in aka ɗauke wuta har iyayenmu ake haɗawa. Amma wanda ya zage ka jiya, shi ne gobe zai aiko maka da goron suna.

Wanda ya koya mini aikin hannu shi ne fomanmu, Oga Emeka, Allah Ya ji ƙan rai. Mutumin Gabas ne, amma ya daɗe a Gombe har in yana zuba karin magana sai ka rantse a ƙauyen Dukku aka yanke masa cibiya. Ranar da aka ɗaga ni daga karatun mita zuwa haɗa waya, shi ya danƙa mini filayar hatimi. Bari in yi wa baƙinmu bayani. A ƙasan kowace mita akwai murfi da ke rufe inda wayoyi suke shiga. In ka gama aiki ka rufe, sai ka zura siririyar waya ta cikin kan kusar, ka sa ɗan ƙwallon darma, ka matse da wannan filaya. Kowace filaya da lambarta a baki, tana matsewa lambar ta fito a jikin darmar. Tawa goma sha bakwai ce. Oga Emeka ya riƙe hannuna da filayar gaba ɗaya ya ce, "Hamma, sa hannunka ke nan. Duk inda ka matse ta, ka ce ni ne na yi. Kada wata rana a nuna maka ita ka ce ba ka santa ba."

A zamanin muna da abin da muke kira gyaran kan hanya. In kana wucewa aka kira ka, mita tana ƙauri ko waya ta saki, sai ka tsaya ka buɗe, ka ɗaure, ka buga hatiminka, ka sha ruwa, ka wuce. Babu takarda, babu kuɗi. Da Oga Emeka zai ji ka bar mita tana tartsatsi ka ce ka tafi ofis neman izini, wallahi ranar ba za ka ji daɗin tuwon dare ba. Haka muka taso, haka hannunmu ya saba.

Sai zamani ya juya, aka kawo mita mai kati, wadda ku kuka sani. Aka ba 'yan kwangila aikin cire tsofaffin suna saka sababbi, unguwa bayan unguwa. Aka daina darma, aka koma hatimin roba mai lambar da ke cikin kwamfuta. Takarda ta fito cewa kowa ya mayar da filayarsa sito. Ni dai na yi kunnen uwar shegu. Mai sito ya tambaye ni sau ɗaya, na ce zan kawo, bai sake tambaya ba, ni ma ban sake tuna masa ba. Ta ci gaba da zama a akwatin babur ɗina, da sauran 'yan ƙwallayen darma a cikin gwangwanin madara. Ba don wata manufa ba. Na kasa rabuwa da ita ne kawai.

An kai mu kwas na kwana biyu a kan sabuwar mitar. An faɗa mana tana da batirinta a ciki, ko babu wuta tana farke. An faɗa mana duk wanda ya buɗe murfin, za ta rubuta rana da lokaci, ta kuma yanke wa gidan wuta da kanta, ba za ta sake saki ba sai an karɓo wasu lambobi daga ofis an danna mata. An ce babu ma'aikacin da zai taɓa murfi sai da takardar aiki, wanda ya yi kuwa hukuncinsa na iya kaiwa ga kora. Duk an faɗa. Ni ina kujerar baya, an ba mu shinkafa da kaza, fanka tana kaɗawa. Ta wannan kunnen ya shiga, ta wancan ya fita. A raina cewa nake, yaran da aka haifa bayan na fara hawa falwaya ne za su koya mini mita?

To, Mama Rifkatu. 'Yar Tangale ce, gidanta na bayan tashar mota a Bolari. Mijinta direban babbar mota ne, ya rasu ya bar mata 'ya'ya huɗu da firiza guda ɗaya, babba, mai murfin sama. Da wannan firizar ta riƙe gidan. Ƙanƙara take yi, da zoɓo da kunun aya, masu shayi da masu abinci na tasha duk wajenta suke sara. Tun ina karatun mita na santa. Ban taɓa shiga gidan na fito ban sha ruwan sanyi ba, a wani kofin silba mai lotsattsen gefe da ta ce nawa ne. In na ce mata mu ba a ba mu cin hanci, sai ta ce, "Malam Hamma, sha ruwanka. In da hanci zan ba ka, ai da ka ga kaza." Bil ɗinta kuwa ba ya kwana biyu a hannunta. Ko ranar da aka binne mijinta ba a bin ta bashin wuta.

Ana saura kamar mako guda a fara azumi, cikin tsananin zafin bazara, na biyo ta layinsu a kan babur da hantsi. Sai ga ta a ƙofar gida tana ɗaga mini hannu. Ta ce tun da 'yan kwangila suka saka mata sabuwar mita take jin ƙauri in firiza ta tashi, jiya har ta ga hayaƙi. Ta je ofis sau biyu, an ce ta jira. Na leƙa, na ga robar wayar ta fara baƙi. Na san ciwon tun kafin in buɗe: yaran kwangila ba su ɗaure kusa da kyau ba, sauri suke su cika adadin da aka ba su. Irin wannan shi ke ƙona gida. Aka yi sa'a an ɗauke wuta a lokacin. Ban tsaya tunanin komai ba, hannuna ne ya yi aikinsa. Na tsinke hatimin roba, na kwance murfi, na yanke inda ya ƙone, na fere waya, na ɗaure tamau, na mayar. Da na ga murfi ba hatimi sai na ji kamar na bar ƙofar gidan mutane a buɗe, na ɗauko filayata na matse masa darma. Na sha ruwana na tafi, ina jin daɗi na yi abin kirki.

Da yammacin ranar aka bugo mini waya daga Dukku, yayana jiki ya yi tsanani. Na ɗauki hutu na tafi. Muka yi jinyar kwana goma sha huɗu, Allah Ya yi masa rasuwa, na tsaya aka yi sadakar bakwai. Mako uku cur ba na gari. Mama Rifkatu tana da lambata, ba ta kira ni ba ko sau ɗaya.

Na dawo azumi ya yi nisa. Manajarmu a lokacin Injiniya Sadiya ce, yarinya ce a kaina amma ta san aikinta, kuma ba ta da wasa. Ta yi mini ta'aziyya, sannan ta ce, "Bappa, ranar Laraba akwai zaman kwamiti, ina so ka zauna mana a kujerar masu aikin hannu." Yadda tsarin yake, in aka ci mutum tara bai yarda ba, yana da damar rubuta ƙorafi. Sai a zauna mutum uku: manaja, da mai kula da harkar abokan hulɗa, da tsohon ma'aikacin fasaha guda. Shugaban 'yan sintiri, masu kamun satar wuta, shi zai kawo hujjarsa, mai ƙorafi ya kare kansa. A lokacin Kabiru ne shugaban 'yan sintirin, jini na tafasa, takalmi na ƙyalli. Kuma in faɗi gaskiya ya ga abin da ya gani a garin nan: ya ga waya ta bi ta cikin bututun ruwa, ya ga wadda aka binne ta ƙarƙashin kejin kaji. Ba ya yarda da kowa, ban kuma ga laifinsa ba.

Mun saurari mutum biyu, aka kira na uku. Ƙofa ta buɗe, sai ga Mama Rifkatu, da zanenta na zuwa coci, ta rame. Na buɗe baki zan gaishe ta, sai ta riga ni, ta ce, "Sannunku da aiki, ranku ya daɗe," ta haɗa mu duka, idonta na kan manaja. Kamar ba ta taɓa ganina ba a duniya.

Kabiru ya miƙe ya karanto. Ya ce matar nan ce da kanta ta kawo ƙara mitarta ta daina ba da wuta. Da suka je suka tarar mita ta kulle kanta. Suka zuƙo bayananta, ta nuna an buɗe murfi ranar wata Talata, ƙarfe sha ɗaya da minti ashirin na safe, ya yi minti tara a buɗe. Hatimin kamfani babu shi. "Ga abin da aka maƙala a madadinsa," in ji shi, "hatimin bogi, irin na masu gyaran bakin titi." Ya zazzage ambulan. Darmar ta gangaro ta tsaya daidai hannuna.

Na ɗauka. Su yara ba su san ana karkata ta wajen haske ba, su dai sun ga dunƙulen ƙarfe. Ni na karkata. Ɗaya da bakwai, raɗau.

Tarar da aka yanka mata, in aka haɗa da ƙiyasin wutar da ake zargin ta sata, ta fi abin da za ta samu a wata huɗu. Kuma ba za a saki mitar ba sai ta biya rabi. Mako uku ke nan firizarta a kashe, a cikin azumi, watan da mai ƙanƙara ke tara abin da zai ci har damina. Masu sarinta duk sun koma wani wuri.

Injiniya Sadiya ta ce, "Mama, kin rubuta cewa ba ki saci wuta ba. Amma an buɗe mitar. Wa ya buɗe?"

Ta ce, "Wanda ya buɗe, taimakona ya yi. Gidana ne zai ƙone."

"Mun ji. Wane ne?"

"Ranki ya daɗe, ni ba zan yi miki ƙarya in ce ban san shi ba, na tsufa da wannan. Na san shi. Amma ba zan faɗa ba."

Kabiru ya ce, "Mama, tun ranar na gaya miki. In ma'aikacinmu ne ki faɗi sunansa, tara ta sauka daga kanki, shi kuma ranar zai ajiye aiki."

Ta ce, "Ai na ji ka tun ranar, ɗana."

Nan na gane dalilin da wayata ba ta yi ƙara ba.

Manaja ta yi ta lallashi, ta ce in babu suna hannunta a ɗaure yake. Mama Rifkatu ta ce ita ba jayayya ta kawo ta yau ba. Ta ce ta samu mai sayen firizar, wani mai shago a tasha, sun yi ciniki, gobe zai turo a ɗauka. Abin da take roƙo biyu ne: a raba mata sauran kuɗin kashi-kashi, kuma a goge kalmar sata daga takardar, don 'ya'yanta sun iya karatu.

Sai manaja ta juyo gare ni. "Bappa, kai ne tsohon hannu. Me ka gani a wannan abin?"

Ku saurara da kyau, don nan ne wurin da ba na son faɗa. Na juya darmar a tafin hannuna, na ce, "Darma ce, irin ta da." Na ajiye. Na yi shiru. Abin da na faɗa ke nan, ni Hamma, da furfurata, da azumi a bakina. Ba ƙarya na yi ba, amma na san abin da na yi ya fi ƙarya muni. Aka kira azahar, manaja ta ce a tashi, a dawo a yanke hukunci.

Ban san abin da liman ya karanta ba, lissafi nake yi. Saura wata biyar in yi ritaya. Shekara talatin da huɗu da 'yan kai babu takardar tuhuma ko ɗaya a fayil ɗina. An riga an sa sunana cikin waɗanda za a ƙara wa girma kafin su tafi, da wannan matsayin za a lissafa mini haƙƙina. Gidana na Gabukka ɗaki biyu ba rufi. 'Yata ta biyu tana aji uku a jami'a. Ga marayun yayana da aka bar mini makon da ya wuce. In aka kore ni, duk wannan ya bi ruwa. Shaiɗan, da ake cewa an ɗaure shi a watan, ban san wa ya kwance mini nawa ba, ya ce: ka yi shiru, in aka biya ka giratuti ka saya mata sabuwar firiza, wa ya sani?

Na fito masallaci na hango ta zaune a kan benci ƙarƙashin darbejiyar bakin ofis, ita kaɗai, ta ɗora jaka a cinya. Na nufe ta. Ban kai ba ta yi magana, ba tare da ta ɗago ba.

"Malam Hamma, wuce. Kada a gan ka da ni."

Na ce, "Mama, me ya sa ba ki kira ni ba?"

"Kana wajen rasuwa zan kira ka da maganar mita? Allah Ya ji ƙansa. Ka wuce, na ce. Firiza ana sayen wata. Shekara talatin fa, a wace kasuwa za ka sayo ta?"

Matar da na jawo wa masifa da hannuna, ita ce take tsaron mutuncina, ni kuma ina can ina ƙirga kwanon rufi. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, har na ji ƙwalla. Na tuna Oga Emeka da hannunsa a kan nawa. Na wuce inda na kafe babur, na buɗe akwati.

Da aka dawo zama, manaja ta jawo fayil za ta fara rubutu. Na ce, "Ranki ya daɗe, a ba ni minti ɗaya." Na ajiye filaya a kan tebur. Na fito da sabon ƙwallon darma daga aljihu, na matse shi a gabansu, ƙas, na ajiye shi kusa da na cikin ambulan. Na ce wa Kabiru, "Ɗauki duka biyun ka je bakin taga ka karkata su." Ya je. Ya daɗe a can. Ya dawo ya ce a hankali, "Sha bakwai. Duka biyun."

Na ce, "Lambata ce. Ni na buɗe mitar. Ba ta roƙe ni in rage mata komai ba, ban karɓi ko sisinta ba. Waya ce ta saki tana ƙonewa, na ɗaure. Ban ɗauki takardar aiki ba, ban sanar da kowa ba, filayar ma tuni ya kamata tana sito."

Injiniya Sadiya ta cire tabarau ta ce, "Bappa, ka san abin da kake faɗa kuwa? Dole in rubuta shi yadda ka faɗe shi."

Na ce, "Rubuta, 'yata. Aikinki ne."

Sai ga muryar Mama Rifkatu, ta manta a gaban wa take: "Kai, Malam Hamma! Wa ya aike ka? Na ce ka wuce, na ce ka wuce!" Ta fashe da kuka, tana yi mini faɗa kamar ta kama ƙaninta yana wasa da ashana.

A nan zan yaba wa Kabiru, ko da yake yana sunkuyar da kai. Bai tsaya kare rahotonsa ba. Ya ce a ba shi awa biyu. Ya koma gidan da yaransa, suka buɗe murfin bisa ƙa'ida, suka ga baƙin ƙuna a jikin roba inda na faɗa, suka ɗauki hoto. Ya duba yawan wutar da take sha tun da aka saka mitar, ya ga daidai yake da abin da take biya a tsohuwar, ba ragi. Ya dawo ya rubuta da hannunsa cewa babu alamar sata. Kafin la'asar sakaliya aka soke tarar gaba ɗaya, aka fitar da lambobin sakin mita. Na so in je in danna mata da kaina, manaja ta ce daga wannan lokacin ba ni da izinin taɓa kayan kamfani. Kabiru ne ya je.

Ni kuwa na sha nawa. Takardar tuhuma ta farko a rayuwata, aka ba ni awa arba'in da takwas in amsa. Aka tura hedikwata. Aka dakatar da ni wata guda ba albashi, aka cire sunana daga ƙarin girma, aka karɓe filayar, mai sito ya sa ni na sa hannu. Korar ce dai Allah Ya tsare, don manaja ta rubuta ta nema mini sassauci, na kuma ji daga baya Kabiru ma ya rubuta, bai taɓa gaya mini ba. Na yi ritaya a matsayin da nake. Ba zan ɓoye muku ba, abin ya yi mini ciwo, kuma har yau duk ƙarshen wata in fansho ya shigo ina ganin gurbin. Ɗakunan nan biyu sai bayan shekara biyu na rufe su.

To ku da kuke cikin aikin yanzu, kada wani ya tashi daga nan ya ce Bappa Hamma ya ce a riƙa buɗe mita. Ban ce ba. Ni na yi kuskure, girman kai ne ya hana ni sauraren kwas, kuma wata ce ta kusa biyan kuɗin girman kan nawa. Ku ɗauki takardar aiki ko da gidan ubanku ne. Mitar nan ba ta yi mini ƙazafi ba, minti tara ta ce, minti taran ne. Sai dai iyakar saninta ke nan, rana da lokaci. Ba ta san waya tana hayaƙi ba, ba ta san matar ta je ofis sau biyu an ce ta jira ba, ba ta san shekara nawa ta yi tana biyan bil a kan kari ba. Da, ƙafarmu ce take kawo mana wannan labarin, don kowane wata muna cikin gidajen. Ku yanzu daga kan kujera kuke ganin Bolari gaba ɗaya a allo, kuma ba ku san kofin gidan kowa ba. Ina kewar wancan zamanin, ba na jin kunyar faɗa. Ba za a dawo da shi ba, na sani. Amma kafin ku rubuta wa mutum kalmar sata, ku taka ku je, ku zauna a bencinsa, ku tambaye shi me ya faru.

Kwana uku bayan zaman, ina gida a Gabukka, dakatacce, ina zaune a ƙofa ina jiran a kira magariba, sai ga keke mai ƙafa uku ya tsaya. Mama Rifkatu ta sauko, mai keken ya sauke buhu yana ɗigar ruwa. Ƙanƙara ce, manya guda uku a cikin dusar katako. Ta ce ta farko ke nan da firizar ta yi, ba ta sayar wa kowa ba. Uwargidana ta fito suka gaisa, aka shimfiɗa mata tabarma. Na ce, "Mama, kin san mu ba a ba mu cin hanci." Ta ce, "Kai da aka dakatar, wa zai ɓata hancinsa a kanka?" Muka yi dariya, ni da ita, karo na farko tun da abin ya faru.

Da za ta tafi na raka ta bakin keke. Akwai tambayar da ta hana ni sukuni, na ce bari dai in yi ta. Na ce, "Mama, tsakaninki da Allah, da na yi shiru ranar nan fa? Kin san na kusa."

Ta ce, "Na sani. Ina kallonka ta gefen ido."

"To da yaya za ki yi da ni?"

Ta gyara ɗaurin ɗankwalinta, ta sa ƙafa ɗaya a cikin keke, ta ce, "Da na sayar da firizata. In ka biyo ta layinmu kuma in ɗaga maka hannu, in ɗebo maka ruwa a kofinka kamar kullum. Sai dai ba mai sanyi ba."

Aka kira salla. Uwargida ta miƙo mini kofi da ƙanƙarar a ciki, na riƙe shi har ya fara narkewa a hannuna kafin na iya kai shi baki.